Kuɗin jama'a a kan yis ɗin burodi: ni dai ina goyon baya

A shekarar 1985, a birnin Boston na Amurka, wasu masu bincike biyu, Malcolm Whiteway da Jack Szostak, suka ba da labarin wani yis da bai iya tsayawa ba. Yis na yau da kullum, irin wanda mai burodi ke jiƙawa a ruwan ɗumi da sukari, ya san lokacin wadata ya san na fari. Idan abinci ya ƙare sai ya daina hayayyafa, ya lafa, ya jira a sake samu. Wannan kuwa ko yunwa ta zo ba ya lafawa yadda ya kamata, ba ya iya shiga ƙwanson da yis ke fakewa a ciki lokacin wahala, kuma ɗaya daga cikin jinsunansa biyu ya kasa barbara. Suka bi diddigi suka tarar ƙwayar gado ɗaya ce tak, wato guntun rubutun DNA da halitta ke gada daga iyaye, ta lalace, suka raɗa mata suna ARD1. Aikin da take yi a jikin yis kuwa, a ranar ba wanda ya sani.

Da a ce an kai wa wani ɗan majalisa takardar kuɗin da aka kashe a wannan aiki, na san abin da zai ce. Mutane na mutuwa da kansa da ciwon zuciya, ku kuna nan kuna nazarin barbarar yis?

Bayan shekara 26, a garin Ogden na jihar Yuta, akwai wata zuriya da ta daɗe tana binne 'ya'yanta maza. Yara biyar a tsatso biyu, kowanne a haife shi da fata saɓa-saɓa kamar ta tsoho, ba ya girma yadda ake so, bugun zuciyarsa ba daidai ba, ya rasu tun yana jariri. Mata lafiya lau, maza ke tafiya. Wani likita mai suna Gholson Lyon da abokan aikinsa suka karanta DNA ɗin 'yan gidan, a 2011 suka wallafa abin da suka samu: kuskure ɗaya a ƙwayar gado mai suna NAA10, wadda ke kan kuromosom ɗin X, wato ƙunshin DNA ɗin da mace ke da shi biyu, namiji ɗaya, shi ya sa iyaye mata ke ɗauke da shi lafiya, 'ya'yansu maza su kamu. NAA10 ɗin nan ba wata ba ce, ARD1 ce ta jikin ɗan Adam. Sunanta na farko ma ARD1 ne, daga yis aka aro shi. Da likitocin suka iso wurin, ba su tarar da duhu ba. Sun tarar an riga an yi shekara da shekaru ana share musu hanya, a kan faranti da yis.

Abin da nake son faɗa ke nan a wannan rubutu. Binciken da ake yi a kan ƙananan enzayim na yis irin na ARD1, wato furotin masu gudanar da ayyukan sinadarai a jiki, ya cancanci kuɗin jama'a, kuma bai kamata a auna shi da tambayar "wace cuta zai warkar bana" ba. Ina da dalilai, ina kuma da abin da ke ba ni haushi game da wasu masu binciken kansu, zan zo kansa.

Amma bari in fara bayyana aikin, don kada mu yi ta gardama a kan abin da ba mu gani ba. Kusan duk wani aiki da ake yi a cikin ƙwayar halitta, furotin ke yin sa. Shi furotin kamar carbi yake, duwatsu iri 20 da ake kira amino asid a jere cikin tsari, kuma ƙwayar gado ita ce rubutun da ke faɗin wane dutse zai bi wane. Akwai wata 'yar na'ura a cikin ƙwayar halitta, ribozom, wadda ke zura duwatsun, furotin yana fitowa daga cikinta da kai. To a bakin wannan ƙofa akwai mai jira. Da zarar kan furotin ya leƙo, sai wani enzayim ya ɗora masa wani ɗan guntun sinadari da ake kira asetil, kamar an sa wa jariri hula. Asetil ɗin nan ƙarami ne ƙwarai, shi ne jigon abin da ke ba ruwan khal tsaminsa. A jikin mutum kusan kashi 80 cikin 100 na furotin suna sanye da wannan hula, a yis fiye da rabi.

A 1989 ɗakin binciken Rolf Sternglanz a Stony Brook, tare da na Fred Sherman da na Michael Grunstein, suka samu wani yis da ya kasa ɗora wannan hula. Suka kira ƙwayar gadon da ta lalace NAT1. Abin mamaki, ciwonsa sak na yis ɗin Whiteway da Szostak: ba ya lafawa, ba ya shiga ƙwanso, ba ya barbara. Ruwa ba ya tsami banza. A 1992 aka tabbatar furotin ɗin Ard1 da na Nat1 haɗe suke wuri guda, daga baya aka gano ɗaya na ɗora hular, ɗaya na riƙe shi a jikin ribozom. Daga nan Fred Sherman da Bogdan Polevoda a Jami'ar Rochester suka shafe shekaru suna cire ƙwayoyin gado ɗaya bayan ɗaya suna duba wane furotin ya rasa hularsa, har suka rarrabe masu ɗora hular zuwa ƙungiyoyi uku manya: NatA da NatB da NatC, kowacce da irin kan da take ganewa. Aiki ne mai cin rai, ba ya shiga jarida, ba ya kawo lambar yabo. Sai ga shi rabe-raben da suka yi a yis shi ne dai a jikin mutum. A 2009 Thomas Arnesen na Bergen a ƙasar Norway da abokan aikinsa suka cire NatA na yis suka sa masa na mutum, yis ya warke. A 2014 suka sa masa irin na yaran Ogden mai kuskuren nan, bai warke sarai ba. Wato yis ya zama shaida a shari'ar da ba za a taɓa iya yi a jikin jariri ba.

Ba zan yi wa mai karatu romon baka ba: har yau cutar Ogden ba ta da magani. Abin da zuriyar ta samu shi ne suna ga abin da ke kashe musu yara, da gwajin jini da zai gaya wa mace ko tana ɗauke da shi. Wanda bai taɓa binne ɗa ba tare da sanin dalili ba zai iya raina wannan. Wanda ya taɓa, ba zai raina ba.

Ita wannan gardama ta kuɗin bincike, gidanta Amurka, domin a can aka yi mafi yawan aikin, da kuɗin haraji ta hannun NIH, hukumar binciken lafiya ta ƙasar. Kuma tsohuwar gardama ce. Daga 1975 zuwa 1988 Sanata William Proxmire na jihar Wisconsin ya riƙa zaɓo ayyukan gwamnati da yake ganin ɓarnar kuɗi ne yana yi musu tambari a bainar jama'a, da dama daga ciki na masana kimiyya ne. A 2008 Sarah Palin, tana takarar mataimakiyar shugaban ƙasa, ta tsaya gaban jama'a ta yi wa binciken ƙudan 'ya'yan itace ba'a. A watan Fabrairun 2025 gwamnatin Donald Trump ta ba da sanarwar rage kuɗin da NIH ke ba jami'o'i na ɗawainiyar ɗakunan bincike, irin su wuta da gini da na'urori, zuwa kashi 15 cikin 100, har sai da kotu ta taka birki. A shekarar kuma ta gabatar da kasafin da ya nemi a zaftare kusan kashi 40 cikin 100 na kuɗin hukumar. A irin wannan yanayi, wanda wuƙa ke fara hawa kansa shi ne mai binciken da ba shi da hoton majiyyaci da zai nuna. Mai yis na sahun gaba.

Ni ba ɗan Amurka ba ne, ba ni da ƙuri'a a can. Amma na ji irin wannan magana a gida, daga bakin da nake girmamawa. Yayata ma'aikaciyar jinya ce, ta daɗe a ɗakin yara. Wata rana ina ba ta labarin nan da zumuɗi, ta saurare ni har na gama, sannan ta ce, "Kai dai da karatunka. Mu nan jinin da za a ƙara wa yaro muke nema, kai kana ba ni labarin yis." Na ce, "Yaya, gaskiyarki." Kuma gaskiyarta ce. Wanda ya kwana a tsaye kan yaron da zazzaɓi ya shanye wa jini yana da haƙƙin ya tambayi kowace naira ina ta tafi. Ban ɗauki maganarta irin ta Palin ba, domin ita ba ba'a take yi ba, ciwo ne ke magana. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a ce dole a zaɓi ɗaya a jefar da ɗaya. Kuɗin da ke hana jini isa ɗakin yara ba ɗakin binciken yis ya tafi ba.

Labari na biyu shi ne ya fi tabbatar mini da haka, domin ya nuna ba a iya sanin ta inda amsa za ta ɓullo.

DNA ɗin da ke cikin ƙwayar halittar mutum guda ɗaya, in aka miƙe shi, ya kai kusan mita biyu. Don ya shiga wurin da ido ba ya gani, an naɗe shi a jikin wasu furotin da ake kira histon, kamar zare a jikin mazari. A 1964 Vincent Allfrey a Cibiyar Rockefeller ta New York ya lura ana liƙa wa histon asetil, wannan karon ba a ka ba, a gefe, kan wani amino asid mai suna laisin. Ya yi hasashen cewa wannan liƙi yana sassauta naɗin, ya ba da damar a karanta ƙwayar gadon da ke wurin. Hasashen yana da ma'ana: DNA na da cajin lantarki iri ɗaya, laisin na da kishiyarsa, suna manne da juna, asetil kuma yana kashe cajin laisin. Amma hujja ta gagara. Shekaru suka yi ta wucewa, yawancin masana suna kallon histon a matsayin kwali kawai, abin naɗe kaya.

Yis ne ya fara sauya lissafin. A 1988 Michael Grunstein a Jami'ar Kalifoniya da ke Los Angeles ya yi abin da ba za a iya yi wa mutum ko ɓera a lokacin ba: ya hana yis ƙera histon, sai wasu ƙwayoyin gado da ke a kashe suka kunnu da kansu. Ya gutsure jelar histon, wurin da ake liƙa asetil, sai wuraren da ya kamata su yi shiru suka fara magana. Ashe kwalin nan shi ne makunni.

Saura a kama mai liƙawa da mai cirewa. A watan Maris na 1996 David Allis da ɗalibinsa James Brownell a Rochester suka tsamo enzayim mai liƙa asetil daga wata ƙaramar halittar kududdufi mai suna Tetrahymena. Da suka karanta jerinsa, sai ga shi ɗan'uwan Gcn5 ne, furotin ɗin da masu yis suka riga suka sani a matsayin mai taimakawa wajen kunna ƙwayoyin gado idan yis ya rasa amino asid. Bayan wata guda, Stuart Schreiber da Jack Taunton da Christian Hassig a Harvard suka tsamo enzayim mai cire asetil daga ƙwayoyin halittar dabba mai shayarwa. Shi kuma sai ga shi ɗan'uwan Rpd3 ne na yis. Ka san yadda aka samo Rpd3? Marc Vidal da Richard Gaber ne suka bayyana shi a 1991, kuma aikin ya faro ne daga nazarin yadda yis ke shan sinadarin fotasiyam. Wane kwamiti ne a duniya zai karanta takardar neman kuɗi a kan yis da fotasiyam ya ce, a ba shi, nan maganin kansa yake? Babu. Amma saboda masu yis sun riga sun nuna cewa Gcn5 na kunnawa, Rpd3 na daidaita kunnuwa da kashewa, cikin wata ɗaya hasashen Allfrey mai shekara 32 ya tashi daga zato ya zama sani. A 2018 aka ba Grunstein da Allis lambar yabo ta Lasker. Allfrey bai ga wannan rana ba, ya rasu a 2002.

A nan dole in yi adalci, domin masu kare bincike irina sukan so su ja bargo duka zuwa gefensu. Magungunan da ke toshe enzayim masu cire asetil ba daga yis aka ƙera su ba. Vorinostat, wanda hukumar FDA mai kula da magunguna a Amurka ta amince da shi a 2006 don wata kansar jini da ke bayyana a fata, asalinsa daga wata lura ce da Charlotte Friend ta yi a 1971 kan ƙwayoyin kansar ɓera, sannan Ronald Breslow da Paul Marks suka shafe shekaru suna gyara sinadarin. Sai dai sun daɗe suna riƙe da mabuɗi ba su san ƙofar da yake buɗewa ba. Bayan 1996 ne aka gane abin da yake toshewa, daga nan aka san yadda za a auna shi, a gyara shi, a nemo 'yan'uwansa. Romidepsin ya biyo baya a 2009. A watan Maris na 2024 aka amince da givinostat ga yara masu cutar Duchenne da ke cinye tsoka. Magungunan nan ba su zama abin al'ajabin da aka yi fata ba, musamman a kansar da ke yin ƙari, amma akwai mutanen da suke raye ko suke tafiya da ƙafafunsu ta dalilinsu.

Yanzu ga abin da ke ba ni haushi. A ganina babban abokin gaban irin wannan bincike ba ɗan siyasa mai ba'a ba ne kaɗai, har da masanin da ya kasa haƙuri.

Akwai wata ƙwayar gado a yis mai suna SIR2, ita ma daga nazarin barbara aka samo ta, aikinta rufe bakin wasu sassan DNA. Yis yana tsufa: uwa takan haifi 'ya'ya 20 zuwa 30 sannan ta mutu, kuma ana ƙirga su ne da hannu, mai bincike ya zauna gaban madubin ƙara girma da siririyar allura yana janye kowace 'ya da aka haifa, kwana da kwanaki. A 1999 ɗakin binciken Leonard Guarente a jami'ar MIT ta Amurka ya nuna cewa idan aka ƙara wa yis kwafin SIR2 guda, rayuwarsa na ƙaruwa da kusan kashi 30 cikin 100. A 2000 Shin-ichiro Imai da Guarente, da wasu ɗakuna har da na Sternglanz, suka gano Sir2 enzayim ne mai cire asetil, kuma ba ya aiki sai da sinadarin NAD, wanda ke da alaƙa da yadda jiki ke sarrafa abinci. Wannan gano na gaskiya ne, yana nan daram har yau. Mutum na da irin wannan enzayim guda bakwai.

Daga nan sai gaggawa ta shigo. A 2003 David Sinclair da abokan aikinsa suka ce wani sinadari da ke fatar inabi, resveratrol, yana zaburar da enzayim ɗin, yana tsawaita ran yis. Jaridu suka ɗauka, maganin tsufa ya zo. Aka kafa kamfanin Sirtris a 2004, a 2008 GlaxoSmithKline ya saye shi a kan dala miliyan 720. Ba a jima ba masu bincike na kamfanonin Amgen da Pfizer suka nuna cewa zaburarwar da ake gani a gwajin tana da nasaba da wani sinadari mai ƙyalli da ake liƙawa don aunawa. A 2010 aka dakatar da gwajin maganin a kan masu wata kansar ɓargo bayan wasu sun samu matsalar ƙoda. A 2011 David Gems na Landan da abokan aikinsa suka sake gwajin tsawon rai a tsutsa da ƙuda, suka tarar yawancin abin da aka danganta wa Sir2 daga wasu bambance-bambancen gado ne da ba a kula da su ba. A 2013 aka rufe ofishin Sirtris. Har gobe ana ta jayayya a kan wasu ɓangarorin, amma kwalaben "maganin tsufa" sun riga sun cika intanet, ana tallar su da sunan kimiyya, mutane na zuba kuɗinsu.

Wannan ɓarna ce babba, kuma ba kuɗin kamfani kaɗai ta ci ba, ta ci amana. Duk lokacin da aka ce wa jama'a yis ya ba mu maganin tsufa sannan abin ya watse, gobe in mai bincike na gaskiya ya zo neman kuɗin nazarin NatC, da wace fuska za a dube shi? Wanda ya ce binciken yis banza ne da wanda ya ce zai hana ka tsufa nan da shekara biyar, ma'auni ɗaya suke riƙe da shi: riba yanzu-yanzu. Ni kuwa abin da nake karewa shi ne a biya mutum ya zauna ya gano yadda abu yake aiki, ya faɗi iya abin da ya gani, ya yi shiru a kan sauran.

Kuma Sir2 ɗin nan da aka yi wa tallar ƙarya, amfaninsa na gaskiya ya ɓullo ta inda ya shafi ɗakin da Yayata ke aiki. Wannan ne ban samu na gaya mata ba a ranar.

Ƙwayar cutar zazzaɓin cizon sauro mafi kisa, Plasmodium falciparum, idan ta shiga jan ƙwayar jini sai ta fito da wani furotin a bayanta, wanda ke sa ƙwayar jinin ta manne a bangon jijiya don kada jini ya kai ta saifa a hallaka ta. Wannan mannewa ita ce ke toshe ƙananan jijiyoyin ƙwaƙwalwar yaro har ya suma, ita ce ke taruwa a mahaifar mai ciki. Garkuwar jiki takan gane furotin ɗin ta kai masa hari. To amma ƙwayar cutar tana da ƙwayoyin gado kusan 60 da ake kira var, kowacce na ƙera irin nata furotin. Ɗaya take kunnawa a lokaci guda, ta rufe sauran. Ɓarawo ne mai riga 60: da an gane shi da wannan, sai ya sauya wata. Shi ya sa yaro ke kamuwa ya warke ya sake kamuwa, shekara da shekaru, kafin jikinsa ya san rigunan da yawa, in ya rayu.

Ta yaya take rufe 59 ta bar ɗaya? Yawancin ƙwayoyin var suna kusa da ƙarshen kuromosom. Masu yis kuwa tun 1990, daga aikin Daniel Gottschling, sun san cewa ƙwayar gadon da aka ajiye kusa da ƙarshen kuromosom takan yi shiru, wani lokaci ta kunnu, kuma ba a jima ba aka nuna Sir2 na cikin masu rufe ta. Saboda haka masu binciken zazzaɓi sun san inda za su duba. A 2005 ƙungiyoyi biyu, ta Artur Scherf a Cibiyar Pasteur ta Paris da ta Alan Cowman a Melbourne ta Ostiraliya, suka nuna ƙwayar cutar na da nata Sir2, yana zaune a kan ƙwayoyin var da ke rufe, kuma idan aka cire shi sai da yawa daga cikinsu su kunnu tare. Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2024 ya nuna Najeriya ke ɗauke da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na masu kamuwa da zazzaɓin a duniya, da kusan kashi 30 cikin 100 na masu mutuwa, Nijar ma tana cikin ƙasashe huɗu da suka fi yawan mace-macen. Ban ce an samu magani daga wannan ba tukuna. Na ce an gano dabarar maƙiyin da ya fi kowa kashe mana yara, kuma fitilar da aka haska aka gan shi, a ɗakin masu yis aka kunna ta.

Misalan ba su ƙare ba. Eco1 na yis, mai liƙa asetil a kan zoben da ke riƙe kuromosom biyu kafin su rabu, ɗan'uwansa a mutum shi ne ESCO2, wanda lalacewarsa ke kawo cutar Roberts mai hana gaɓoɓin jariri cika. Rtt109 kuwa sai a dangin yis ake samun sa, shi ya sa masu neman maganin Candida, wani yis mai sa mutum cuta, suka sa masa ido, don a kashe cutar ba a taɓa mai cutar ba.

Me ya sa yis, ba ɓera ko biri ba? Domin yana rabuwa duk bayan minti 90, yana cin sukari, faranti ɗaya na ɗaukar miliyoyi, kuma ana iya cire masa kowace ƙwayar gado a sa wata. A 1996 aka gama karanta DNA ɗinsa kaf, ƙwayoyin gado kusan 6,000 a kan kuromosom 16, aikin ɗaruruwan masana ƙarƙashin jagorancin André Goffeau na Beljiyam. Zuwa 2002 an ƙera tarin yis da aka cire wa kusan kowace ƙwayar gado ɗaya-ɗaya. A 2015 ɗakin Edward Marcotte a Texas ya musanya ƙwayoyin gado 414 da yis ba ya rayuwa sai da su, da takwarorinsu na mutum, kusan rabi suka yi aiki. Duk wannan sani yana ajiye kyauta a rumbun bayanan yis da Jami'ar Stanford ke kula da shi, ɗalibi a Kano ko Zariya ko Maradi zai buɗe da wayarsa ba a tambaye shi ko sisi ba. Kuɗin harajin wasu ne ke riƙe da wannan rumbu. In aka datse a can, mu ma ƙofa ta rufe mana, abin da ya ci Doma ba ya barin Awe.

Shi ya sa nake ganin bai dace mu tsaya kallo ba. Tun a 1980, a Tsarin Legas, shugabannin Afirka suka yi alkawarin kai kuɗin kimiyya kashi 1 cikin 100 na arzikin da ƙasa ke samarwa, kuma Najeriya ba ta kai ba. Ɗan abin da ake bayarwa ma, irin na asusun TETFund mai tallafa wa manyan makarantu, ra'ayin da ya fi rinjaye a kansa shi ne bincike ya magance matsalar da ke gabanmu. Ban ƙi ba, kaso mafi tsoka ya tafi can. Amma a ware wani ɗan kaso, ko yaya yake, ga mai tambayar da ba ta da kasuwa, a ba shi shekara goma maimakon biyu, kuma kada a tilasta masa ya rubuta ƙaryar cewa aikinsa zai kawar da wata cuta. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ranar da aka karanta DNA ɗin wata zuriya a Katsina ko Damagaram da ke binne 'ya'yanta ba a san dalili ba, aka samu kuskure a wata ƙwayar gado, ana bukatar wani a kusa da ya iya sa wannan kuskure a yis ya ga ko shi ne mai laifin, kamar yadda aka yi wa yaran Ogden.

Muna ma da abin da za mu kai kasuwar ilimin. Wani babban nazari da aka wallafa a 2009 ya nuna cewa yis ɗin Afirka ta Yamma zuriya ce mai zaman kanta, ɗaya daga cikin tsarkakan zuriyoyi biyar da aka gano a lokacin, tare da na Malesiya da na Japan da na Arewacin Amurka da na Turai. Samfuran da aka yi aikin da su an ɗebe su daga yankinmu tuntuni, suna ajiye a rumbunan Turai, ɗakunan bincike na duniya suna ta haɗa su barbara da sauran don gano asirin gado. Kayan da ake bukata don yin irin wannan aiki a nan ba su fi ƙarfin jami'a ba: faranti, sukari, madubin ƙara girma, akwatin ɗumi mai tsayawa a digiri 30, da firiza mai sanyin digiri 80 ƙasa da sifili inda ake adana yis shekara da shekaru. Ita firizar nan ce ke bukatar wutar da ba ta ɗaukewa, domin in ta narke, aikin shekara goma na iya tafiya da ita. Da za a tambaye ni inda za a sa naira ta farko, a kan faifan sola da batirin wannan firiza zan ce a sa ta.